Daga Ofis Zuwa Zare: Yadda Za Ki Bar Aikin Da Ke Cin Ranki Ki Koma Saƙa Da Koyarwa

Akwai ma'aikatan da ke barin gida tun da duku-duku, ba sa dawowa sai bayan isha'i, wayarsu kuma ba ta hutawa ko ranar Lahadi. Ma'aikaciyar banki da aka ɗora wa adadin kuɗin da za ta kawo kowane wata, ma'aikaciyar jinya mai kwanan asibiti, malamar makarantar kuɗi da ke makin takardu har tsakar dare. Da yawansu suna da abin da ke sanyaya musu rai idan sun sami sarari: kwarashi da zaren ulu, ɗinkin hula, ko rini. Wata rana sai tunani ya faɗo: me zai hana in ajiye aikin nan in rungumi wannan gaba ɗaya?

Ana iya yi. Sai dai abin da yawanci ba a faɗa wa mai wannan niyya shi ne, sayar da abin da hannu ya saƙa, shi kaɗai, da wuya ya maye gurbin albashi. Hannu biyu ne, awoyin yini kuma ƙididdigaggu. Abin da ke riƙe gida wata bayan wata shi ne koyarwa, kuma a kan haka na gina wannan jagora. Zan riƙa cewa "ke" saboda mata ne suka fi yin wannan tambaya, amma namiji ma ya ɗauka da shi ake.

Mataki na farko: tantance abin da kike gudu

Kafin maganar zare, ki zauna ki raba abu biyu: aikin ne ya ishe ki, ko wurin aikin? Idan shugaba ɗaya ne ya hana ki sakat, ko nisan hanya, canjin reshe ko canjin ma'aikata zai iya magance shi ba tare da kin rabu da albashi ba. Idan kuma kin kai ga rashin barci, faɗuwar gaba duk daren Lahadi, hawan jini ko yawan kuka ba dalili, ki fara ganin likita. Mutumin da ya gaji tilis ba ya yanke shawara mai kyau a kan kuɗi. Ma'aikatan gwamnati su bincika ko za a ba su hutu ba albashi, domin ya fi murabus sauƙin warwarewa.

Mataki na biyu: zaɓi fanni ɗaya

Aikin zare faɗi gare shi, kuma ƙasar Hausa ba baƙuwarsa ba ce. Marinar Ƙofar Mata a Kano, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, har yau ana rini a cikinta da baba da toka. Garin Kura ya yi suna da turkuɗi mai sheƙi wanda Buzaye ke naɗawa. Minjibir an san ta da saƙar hannu, Zariya da aikin babbar riga irin su aska biyu da aska takwas, Borno da hula zanna. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya tarar tufafin da aka saƙa aka rina a nan suna kaiwa har Timbuktu da Tarabulus. Ga kuma kwarashi da saƙar allura biyu da suka shigo daga baya suka zauna daram a ɗakunan mata.

Kowanne da irin jarinsa da irin jiransa. Kwarashi ya fi sauƙin farawa: ƙugiya, zare, almakashi, shi ke nan, kuma ya fi kowanne sauƙin koyarwa a falo. Ɗinkin hula jarinsa kaɗan ne amma hula mai kyau tana cin makonni, kuma kasuwarta cike take da ƙwararru da suka gaje ta, waɗanda farashinsu zai yi miki wuyar bi. Rini yana fitar da kaya da yawa cikin yini guda, sai dai yana buƙatar fili, ruwa, da wurin zubar da ruwan rini nesa da rijiya da yara. Saƙar masaƙa tana buƙatar malami da watanni kafin hannu ya faɗa.

A ganina, wadda ke fitowa daga ofis ta ɗauki fanni ɗaya ta ƙware, ta ƙara na biyu bayan shekara. Masu tallar "muna koyar da saƙa, rini, sabulu, turare da kek" a aji guda ba su cika fitar da gwani ko ɗaya ba.

Idan rinin gargajiya ne ya ja hankalinki, ki je marina ki biya a koya miki, kada ki tsaya ga bidiyo. Akwai abin da sai ido ya gani: yadda ake gane ruwan baba ya nuna, yadda ƙyalle ke fitowa kore-kore daga karofi, wato ramin rini, sannan iska ta mayar da shi shuɗi, da yadda yawan tsomawa ke ƙara duhun launi. Masu amfani da rinin kanti kuwa, wanda ake haɗawa da soda mai ƙuna, dole safar hannu ta roba mai kauri, takunkumi, da aiki a sarari.

Mataki na uku: gwaji alhali albashi na shigowa

Wannan ne matakin da ake tsallakewa, kuma shi ne ya fi kowanne amfani. Ki ba kanki aƙalla wata shida kina yin sana'ar da daddare da ƙarshen mako, kina rubuta komai a littafi guda. Abu uku za ki rubuta a kan kowane aiki: kuɗin kayan da ya ci, awoyin da ya ci, da nawa aka saya. Awoyin su ne mutane ba sa ƙirgawa, saboda lokacin da saƙa take abin hutu ba wanda ke duba agogo.

Ga lissafin da zai buɗe miki ido. Mafi ƙarancin albashi a Najeriya, kamar yadda aka sa hannu a 2024, naira 70,000 ne. Idan aka raba shi a kan kwana 22 na aiki, awa 8 kullum, awa ɗaya ta kama kusan naira 400. To a ce bargon jariri ya ci miki awa 30. Ladan hannunki kaɗai, a mafi ƙarancin albashi, naira 12,000 ke nan, ba a sa kuɗin zare, kuɗin mota zuwa kasuwa, leda da data ba. Yanzu ki shiga Kantin Kwari ko kasuwar Sabon Gari ki tambayi farashin bargon jariri na kamfani. Za ki ga ba za ki taɓa yin gasa da inji a kan araha ba. Masaƙun Kaduna ma, masu dubban ma'aikata, kayan waje masu araha na cikin abin da ya durƙusar da su, balle mace ɗaya da ƙugiyarta.

Saboda haka abin da za ki sayar shi ne abin da inji ba ya bayarwa: sunan jariri a jikin bargo, launin da ya dace da ankon biki, girman da aka auna a jikin mai shi, jaka ko abin adon bango da ba za a gan shi a hannun kowa ba. A cikin wata shidan nan za ki gano kaya biyu ko uku da ke biyan awoyinsu. Sau da yawa ƙananan abubuwa ne, irin su hula da safar jarirai, jakar hannu, abin ɗaure gashi. Manyan ayyukan da ke jawo "Masha Allah" a Instagram su ne suka fi cin lokaci su bar ki da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba.

Ki lura da yanayi kuma. Kayan ulu suna tafiya daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin hunturu. A watan Afrilu, ana zafin da kwalta ke narkewa, ba mai neman rigar sanyi. Huluna da rinannun yadudduka kasuwarsu na tashi gab da sallah. Kayan suna da na biki ne ba su da lokaci. Idan gwajinki ya faɗa cikin hunturu kaɗai, kada ki ɗauka haka shekara take.

A cikin wannan lokaci ne kuma za ki koya wa mutum biyu ko uku, ko da kyauta, don ki gane ko kina da haƙurin koyarwa. Iya abu daban, iya koyar da shi daban.

Mataki na huɗu: kuɗin zama da maganar gida

Ki lissafa abin da gidanki ke ci a wata: abinci, haya, kuɗin makaranta, magani, wuta, da abin da kike aika wa iyaye. Ki tara na wata shida aƙalla, a asusun da ba ki da katinsa a jaka. Wannan daban yake da jarin sana'a. Kada ki ci bashi don fara kwarashi, jarinsa bai kai a ci bashi ba, adashe ya isa. Idan akwai bashin da ake cira daga albashinki, ki biya shi kafin ki fita, domin ranar da albashi ya tsaya mai bashi ba zai tsaya ba.

Wadda ke cikin tsarin fansho na karo-karo ta sani cewa kuɗinta na nan a asusunta ko ta bar aiki. Dokar fansho ta 2014 ta ba wanda bai kai shekara 50 ba damar cire har kashi 25 cikin 100 idan ya yi wata huɗu bai sami wani aikin ba. Ni dai shawarata a bar shi sai in ta ɓaci. Hukumar kula da fansho ta ƙasa, PenCom, ta kuma buɗe tsarin fansho na masu sana'ar kansu a 2019, wanda za ki iya ci gaba da zubawa a ciki. Ma'aikatan wasu jihohi tsarinsu daban ne, sai ki tambayi ofishin fanshonku. Inshorar lafiya ta wurin aiki ma takan tsaya, don haka ki nemi ta jiha ko ta hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, kafin ranar fita.

Sai maganar gida, wadda ta fi lissafi wuya. Maigida, iyaye, da ƙannen da ke jiran alat ɗinki ƙarshen wata duk suna da haƙƙin ji daga bakinki tun da wuri. Za a ce, "Duk karatun nan da kika yi, a saƙa za ki ƙare?" Kada ki amsa da zafi, kuma kada ki amsa da mafarki. Ki kawo littafin nan na wata shida ki buɗe: ga abin da ya shigo, ga abin da na tara, ga ranar da zan sake dubawa idan bai yi ba. Iyaye sun fi natsuwa idan suka ga ba sakin reshe kama ganye za a yi ba. Ki yi istihara, ki kuma nemi albarkarsu.

Mataki na biyar: fita lafiya

Ki karanta takardar ɗaukarki aiki ki ga wa'adin sanarwa, yawanci wata ɗaya ne, wasu wuraren uku. Ki rubuta takardar murabus gajeriya ba tare da zayyana laifin kowa ba, ki miƙa aiki yadda ya kamata, ki karɓi takardar shaidar sallama. Abokan aikin nan da kike bari su ne masu sayenki na farko, masu albashi ne, kuma su ne ke haihuwa suna aurar da ƙanne.

Bayan kin fita, ki huta mako biyu ko uku ba oda ba aji.

Mataki na shida: kafa sana'ar

Ki yi rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni, CAC, ki buɗe asusun banki da sunan, kada kuɗin cefane ya haɗu da kuɗin zare. Rajistar za ta yi miki rana lokacin da ƙungiya ko ma'aikata ta nemi mai horar da mata, domin ba su cika biyan kuɗi a asusun mutum ba. Rajista da SMEDAN, hukumar bunƙasa ƙanana da matsakaitan sana'o'i, ma ba ta da wahala.

Wajen sayen kaya, ki sayi duk zaren da aiki ɗaya zai ci a lokaci guda. Launi ɗaya daga kamfani ɗaya yakan bambanta tsakanin wannan kwali da wancan, kuma sai an gama saƙa bambancin ke fitowa. Mafi yawan abin da muke kira ulu a kasuwa zaren roba ne. Idan kina shakka, ki ƙona ɗan guntu: auduga tana ci kamar takarda ta bar toka mai laushi, na roba yana narkewa ya dunƙule ya yi tauri. Wannan gwajin ya fi muhimmanci ga mai rini, domin rinin auduga ba ya kama yadin roba. Ki kuma wanke sabon yadi ki fitar da sitacinsa kafin ki tsoma. Masu sayen kayan ulu ki gaya musu kada su ɗora dutsen guga mai zafi a kai.

Dokar oda guda biyu ce: rabin kuɗi kafin ki taɓa zare, ragowar kafin kaya su bar hannunki. 'Yan uwa ma haka, sai dai idan kin yi niyyar kyauta, to ki kira ta kyauta tun farko. Ki kuma ƙayyade adadin odar da za ki karɓa a wata. Wadda ta karɓi saitin jarirai goma ana saura kwana bakwai suna ta dawo da irin matsin da ta gudo daga gare shi, wannan karon ba albashi.

Hoto a hasken rana, kusa da taga, a kan farin ƙyalle. Ki rubuta farashi a fili, ki daina "shigo ciki mu yi magana".

Mataki na bakwai: aji

Ga dalilin da ya sa na ce koyarwa ce ginshiƙi. Awa biyu da kika yi kina saƙa, kuɗin mutum ɗaya za su kawo. Awa biyun da kika yi da ɗalibai shida, kuɗin mutum shida ne, kuma ba ruwansu da hunturu ko bazara.

Ki fara da mutum shida, kada su wuce takwas. Aikin hannu sai an kama hannun mai koyo an gyara masa riƙo, kuma idan suka yi yawa wasu za su koma gida da kuskuren da zai zame musu jiki. Ki tsara zango mai farko da ƙarshe, misali mako shida, sau biyu a mako, maimakon "ki riƙa zuwa har ki iya". Zango mai iyaka shi ke ba ki damar sa farashi, ɗaliba kuma ta san abin da ta saya. A biya kafin a fara, kuma kuɗin ya haɗa da kayan aiki da ke za ki saya ki ƙulla wa kowa nata. Idan kika bar su su sayo, wata za ta zo da baƙin zare siriri da ƙugiyar da ba ta dace da shi ba.

Ga mai koyon kwarashi, zare mai kauri mai hasken launi da ƙugiya mai milimita 4 ko 5 suka fi, don ta riƙa ganin idon saƙar. Ranar farko riƙon ƙugiya da zare da yin sarƙa kawai. Rana ta biyu gajeren ɗauri, da yadda ake juyawa a ƙarshen layi. Nan ne kusan kowa ke ɓata: ana mance idon farko ko na ƙarshe, sai saƙar ta riƙa tsukewa tana zama kamar alwatika. Maganinsa ƙirga ido a ƙarshen kowane layi, da babbar murya in ta kama. Daga nan dogon ɗauri, sannan saƙar zagaye, sannan ƙari da ragi. Kafin ƙarshen mako na biyu kowace ɗaliba ta gama wani ƙaramin abu da za ta kai gida ta nuna, ko da abin ɗora kofi ne. Wadda ta yi wata guda tana saƙa layi tana warwarewa ba ta ga abin da ta yi ba, ba za ta dawo ba. Bahaguwa kuma ki zaunar da ita gabanki tana fuskantarki, ta kwaikwayi hannunki kamar a madubi.

Mako na ƙarshe ki ware shi don lissafin farashi, irin wanda kika yi wa kanki a mataki na uku. Wasu malamai suna ɓoye wannan don tsoron kishiya a kasuwa. Kuskure ne. Ɗalibar da ba ta iya sa farashi ba ita ce za ta fita ta sayar da arha ta karya kasuwar kowa, har da taki.

Lokacin aji ya bi rayuwar ɗalibai. Matan aure sun fi samun sarari da hantsi, bayan yara sun tafi makaranta kafin girkin rana. 'Yan mata sai Asabar da Lahadi ko dogon hutu, a kauce wa lokacin Islamiyya. Ma'aikata, irin ki na da, su ne suka fi iya biya, kuma da yawansu ba sana'a suke nema ba, hutun kai suke nema. Ki yi musu ajinsu daban da yammacin Asabar, da shayi, kada ki dame su da maganar kasuwa.

Ajin waya yana kai ki garuruwan da ƙafarki ba za ta je ba, har Maradi da Kumasi. Ki ɗora wayar ta bayan kafaɗarki yadda mai kallo zai ga hannuwan kamar nasa, bidiyo gajeru na minti biyu zuwa uku saboda tsadar data. Ki sa a ranki cewa za a tura bidiyonki ga waɗanda ba su biya ba, ba ki da yadda za ki hana. Abin da ake biya a rukunin WhatsApp shi ne gyara: ɗaliba ta turo hoton aikinta, ki zagaye inda ta ɓata ki mayar mata da saƙon murya. Ki sa awoyin amsa saƙo, ki rubuta su a saman rukunin, in ba haka ba za a tashe ki ƙarfe ɗayan dare a kan ido ɗaya da ya zame.

Mataki na takwas: jiki, da ranar sake lissafi

Saƙa tana cin wuyan hannu, wuya, baya da ido. Ki zauna a kujera mai majingina, ki tashi ki miƙe duk bayan rabin awa ko makamancin haka, ki bar baƙin zare sai da rana. Idan yatsu suka fara dindiris ko kina jin kamar ana tsira miki allura da daddare, ki dakata ki ga likita, kada ki daure. Ki kuma riƙe aiki guda wanda ba na sayarwa ba, naki na kanki, wanda ba mai tambayarki yaushe za a gama.

Tun ranar da kika ajiye aiki ki sa rana a kalanda, wata shida gaba, sannan wata goma sha biyu. Ranar ki buɗe littafi ki duba abu uku: nawa aji ya kawo, nawa kaya suka kawo, nawa ya rage a kuɗin zama. Idan aji da kaya tare sun kai kashi biyu cikin uku na abin da gida ke ci kuma suna hawa, ki ci gaba, ki fara tunanin ɗaukar gwanar ɗalibarki ta taya ki oda a kan lada. Idan kuɗin zama ya sauko zuwa na wata biyu kuma aji bai cika ba sau biyu a jere, ki nemi aikin rabin yini ko na kwantiragi a fanninki na da, ki bar ajin Asabar yana tafiya, ki sake sa wata ranar.